Sautin Kanti Da Kalangun Da Aka Bari A Ƙofar Situdiyo

Duk wanda ya ratsa layin masu tura waƙoƙi a waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya halarci bukukuwan aure uku a jere a Gagarawa bayan an sayar da riɗi, zai lura da wani abu da ke maimaita kansa. Mawaƙan daban ne, waɗanda ake yi wa waƙar ma daban ne, amma kiɗan kamar a tukunya ɗaya aka dafa shi. Sarewar da ta buɗe waƙar amarya ita ce ta buɗe ta ɗan takarar kansila, gangar da ke ƙarƙashin waƙar soyayya ita ce ke ƙarƙashin ta bege. Idan aka cire muryar mawaƙi, da wuya mai sauraro ya iya cewa a Gumel aka haɗa kiɗan, ko a Kano, ko a Damagaram.

Dattawa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A wurinsu fiyano da kwamfuta ne suka kashe kiɗan Hausa, suka mayar da makaɗan kalangu 'yan kallo a gidan biki. Koken nasu yana da tushe, domin asarar da suke nunawa ta gaske ce. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Kwamfutar da ke situdiyo tana ɗauke da kayan aikin da za su iya ƙera sautin da bai taɓa fitowa daga wata masana'anta ba, har da mai hawa da sauka irin na kalangu. Abin da ya faru shi ne masu haɗa kiɗa sun saba da ɗaukar sautin da aka riga aka shirya musu a Japan ko Turai, wato sautin kanti, ba tare da sun buɗe cikin na'urar sun ga abin da take iya yi ba. A nan ciwon yake, kuma a nan ya kamata a sa magani.

Yadda aka saba da sautin kanti

Kiɗan da matasan Gumel da Sule Tankarkar ke haɗawa a yau ɗan gidan finafinan Kano ne, don haka daga can tarihin ya faro. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya fim sun buƙaci kiɗa mai araha wanda mutum ɗaya zai iya haɗawa a ɗaki ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda fiyanon Yamaha ya cike wannan gurbi, tun daga PSR-220 da kamfanin Iyan-Tama ya saya a 1996, har zuwa waƙar fim ɗin Sangaya a 1999, wadda ta tabbatar wa kowa cewa kiɗan fiyano zai iya cika kasuwa. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajar FruityLoops, wadda a yanzu ake kira FL Studio, ta zama uwar ɗakin kusan duk wani ƙaramin situdiyo a Arewa.

Fiyanon irin wannan yana zuwa ne da jerin sautuka masu lamba da suna. Mai kiɗa zai danna lamba kaza ya sami sarewa, ya danna wata ya sami ganga. Babu kalangu a jerin, babu kotso, babu kuntigi, sai abin da ya ɗan yi kama da su. Masu kiɗan farko sun yi ƙoƙari da abin da suka samu, kuma ba a raina musu. Amma wata ɗabi'a ta kafu daga nan: sauti abin zaɓa ne daga jeri, kamar rigar da ke rataye a kanti. Da kwamfuta ta zo, wadda ke ba mutum damar auna sautinsa ya yanka ya ɗinka da kansa, sai aka ci gaba da yi mata kallon babban fiyano mai dogon jeri.

Abin da FM ke nufi a cikin situdiyo

A cikin FL Studio akwai manhajoji biyu da mafi yawan masu haɗa kiɗa ke wucewa ta kansu kullum: Sytrus da Fruity DX10. Dukkansu maƙerar sauti ne masu aiki da dabarar da ake kira FM. Haruffan su ne dai na rediyon FM, kuma lissafin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, amma a nan ana amfani da shi ne don a haifar da sauti daga tushe.

Kowane sauti kaɗawa ce ta iska. Yawan kaɗawar a daƙiƙa guda shi ke sa sauti ya zama siriri ko mai kauri. Idan mai goge ya girgiza yatsarsa a kan tsirkiya, sautin zai riƙa ɗan hawa da sauka, kunne kuma ya ji rawar murya. A 1967 wani mai nazarin kiɗa a Jami'ar Stanford ta Amurka, John Chowning, wanda shi kansa ya taɓa zama makaɗin ganga, ya sa kwamfuta ta riƙa ƙara saurin wannan girgiza. Da ta wuce kamar sau 20 a daƙiƙa, sai kunne ya daina jin rawa, ya fara jin sabon amo gaba ɗaya. Ya gano cewa da sauti biyu kacal, ɗaya ana ji, ɗaya yana girgiza na farkon a ɓoye, za a iya samar da amon ƙaho, da na ƙararrawa, da na ganga. Ya wallafa bincikensa a 1973, jami'ar ta ba kamfanin Yamaha lasisi, kuma a 1983 aka fitar da Yamaha DX7, wanda aka sayar da sama da guda 150,000, amonsa ya cika waƙoƙin duniya na shekarun 1980.

Abubuwa uku ne mai ƙera sauti ke juyawa. Na farko shi ne dangantakar saurin sautin biyu. Idan ɗaya ya yi daidai da ɗaya, ko ya ninka shi sau biyu ko uku cif, amon zai fito irin na abin busa, dangin algaita da kakaki. Idan dangantakar ta zama mai ɓurɓushi, kamar 1 da 1.4, amon zai koma na ƙarfe ko fata, dangin kuge da ganga. Na biyu shi ne ƙarfin girgizar, wanda ke sa amo ya yi kaifi ko ya yi laushi. Na uku shi ne yadda waɗannan ke canzawa daga lokacin da aka buga zuwa lokacin da sautin ya mutu. Bugun ganga, alal misali, yana farawa da kaifi a ƙiftawar ido, sannan ya lafa ya bar kauri. DX7 yana da injinan kaɗawa shida da hanyoyi 32 na haɗa su, Sytrus ma shida gare shi. Ilimin dai a cikin waɗancan abubuwa uku ya tattara.

Darasin gangar amapiano

Wanda ke shakkar cewa wannan na iya sauya kiɗan al'umma, ya saurari amapiano. Gangar nan mai kauri da ke gurnani tana zamewa, wadda ta fito daga unguwannin bayan garin Johannesburg da Pretoria a Afirka ta Kudu ta mamaye Legas, ba itace ba ce kuma ba fata ba ce. Asalinta wani sauti ne a cikin Fruity DX10, ƙaramar manhajar FM da ke cikin FL Studio. Matasan can sun same shi a jeri kamar kowa, amma ba su bar shi yadda suka same shi ba. Sun saukar da shi ƙasa, sun ƙara masa nauyi, sun koya masa zamewa daga sauti zuwa sauti, har ya zama tambarin ƙasarsu.

Yau wannan ganga ta shigo waƙoƙin Hausa. Yaro a Gumel zai sauke ta daga intanet a shirye, ya ɗora muryar mawaƙinsa a kai, ya ji ya yi zamani. Abin takaicin shi ne, siffar da ta sa gangar ta burge duniya, wato ganga ta riƙa hawa da sauka kamar mai magana, ita ce siffar da kalangu ke da ita tun kafin a haifi kakannin wanda ya ƙirƙiro kwamfuta. Manhajar da aka ƙera ta da ita tana cikin kwamfutar yaron, makaɗin kalangu kuma yana bayan layinsu. Ya tsallake su duka biyu ya je aro, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Ba sai an je Afirka ta Kudu ba ma. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Maigatari, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da fiyanon lantarki, inda ya zuba karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa, aka sake fitar da aikin ga duniya a 2013. Bayansa wani matashi a Yamai mai suna Hama ya fitar da kundin Houmeissa a 2019, wanda ya haɗa da FruityLoops, kuma duk wanda ya saurara ya san daga bakin Sahara ya fito. Na'urar da ke hannunsu ba ta fi ta situdiyoyin Jigawa ba. Kunnensu ne bai yarda a zaɓa masa ba.

Abin da ake asara

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda mutane na rawa. Abin damuwar yana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Kalangu na iya magana ne saboda makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. Da haka ake kaɗa taken mahauta, da na manoma, da na 'yan dambe, mai shi ya ji an kira shi ba tare da an buɗe baki ba. Kalangan da ke bayan Mamman Shata amshi suke yi masa. Kotson Narambaɗa da na Ɗankwairo ma haka. Gangar kanti kuwa sauti ɗaya gare ta, tana ƙirga lokaci ne kawai. Duk waƙar da aka gina a kanta ta rasa baki guda daga cikin bakunan da kiɗan Hausa ke magana da su.

Akwai asara ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Mai gurmi irin Haruna Uji na Haɗeja, ko mai kuntigi irin Ɗanmaraya Jos, da muryarsa yake daidaita tsirkiyarsa, kuma matakansa ba lallai su faɗa a kan waɗancan gidaje 12 ba. Idan aka ɗora mawaƙi a kan fiyano, sannan aka bi muryarsa da Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997 don jawo murya zuwa mataki mafi kusa, to an goge wannan ɗan bambanci da ke sa a gane waƙar Haɗeja daga ta Mumbai. Manhajojin FM na zamani da dama suna karɓar tsarin matakai na daban. Mai haɗa kiɗa zai iya auna matakan gurmin garinsu ya shigar da su, na'ura ta bi shi.

Hujjojin da ake kawowa

Hujja ta farko ita ce FM na da wuya. Gaskiya ne, ya yi suna da wuya tun zamanin DX7, lokacin da mafi yawan masu shi suka tsaya a kan sautukan da ya zo da su, saboda ɗan ƙaramin allonsa da tarin lambobi. Amma a kwamfuta komai a buɗe yake a gaban ido, kuma ba a buƙatar injina shida don farawa. Biyu sun isa a ƙera ganga: a zaɓi dangantaka mai ɓurɓushi, a sa ƙarfin girgiza ya faɗi da sauri bayan bugu, a haɗa hawa da saukar sautin da ɗan gargaren lanƙwasa sauti da ke gefen fiyano, yatsa ta yi aikin hammata. Matashin da ya koyi gyaran waya a bakin tasha ta hanyar kallon bidiyo ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Hujja ta biyu ita ce rashin kuɗi da rashin wuta. Wannan kuwa goyon bayan FM take yi. Manyan rumbunan sautin da aka naɗa suna cin gigabayit masu yawa, suna buƙatar data da kwamfuta mai ƙarfi. FM lissafi ne, ba ya ajiye naɗaɗɗen sauti, don haka tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke aiki da batirin sola tana ɗaukarsa. Akwai Dexed, manhaja kyauta da ke kwaikwayon DX7, kuma kundin sautuka 32 na tsarin DX7 bai wuce kilobayit 4 da 'yan kai ba, ƙasa da hoto ɗaya a WhatsApp. Sautin da aka ƙera a Gagarawa da safe zai iya isa Maraɗi kafin azahar.

Hujja ta uku ta fi nauyi: lokaci. Mai situdiyo a ƙaramin gari kuɗin waƙa ɗaya-ɗaya yake karɓa, uwar amarya na son tata kafin ranar kamu, ɗan siyasa na son tasa kafin taron gobe. Ba wanda zai biya shi kwana uku na neman amon kotso. Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Sauti sau ɗaya ake ƙera shi, a adana, a yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Sannan a kasuwar da kowa ke sayar da abu iri ɗaya, farashi kaɗai ake gasa a kai, kuma kullum akwai wanda zai yi ƙasa da kai. Wanda ake gane kiɗansa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki shi ne ke da abin da zai sa wa kuɗi.

Hujja ta huɗu daga masu kishin gargajiya take zuwa: me ya sa ba za a kira makaɗin ya kaɗa a naɗa ba? A kira shi mana, wannan shi ne mafi kyau duk lokacin da hali ya yi. Babu wata manhaja da za ta yaudari kunnen Sarkin Makaɗa, kuma goge, da gurzar izgarsa, yana daga cikin abubuwan da FM ba ya kamawa da kyau. Manufar ita ce a samar da sababbin sautuka da suka gaji halin na gida, kamar yadda kuntigin Ɗanmaraya da aka yi da gwangwani ya zama sabon abu a zamaninsa ba tare da ya fita daga gida ba. Yaran da ke rawa a yau kiɗan lantarki suke so, kuma za su same shi ko da wa ya haɗa. Tambayar da ta rage ita ce ko zai yi magana da Hausa.

Inda gyara zai faro

Hausawa na cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma a wannan magana kowane ɓangare ya ɗauki nasa. Makaɗan gargajiya da yawa sun ɗauki situdiyo a matsayin kishiya, sun riƙe iliminsu a cikin gida, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'i. Matasan situdiyo su ma sun ɗauki makaɗi a matsayin maroƙin da zamani ya wuce. Alhali ba za a iya ƙera amon kalangu ba sai da wanda ya san inda amon yake. Makaɗin ne zai ce wannan ya yi kaifi da yawa, wancan ya mutu da wuri, wannan saukar ba haka take a taken mahauta ba. Aikin ƙwararre ne, kuma dole a biya shi, a ambaci sunansa a kan aikin, ya sami rabonsa idan sautin ya yi kasuwa. Idan aka kwashi iliminsa kyauta aka zuba a kwamfuta, to ƙarar da dattawa suka shigar ta tabbata.

Masarautar Gumel na da abin da ake buƙata. Duk Sallah ana jin tambari da kakaki da algaita a hawan Sarki, masu su na raye, ana iya zama da su. Akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a Gumel, inda ake koya wa ɗalibai darasin kaɗawar sauti a kan allo da alli, alhali Dexed zai sa su ji shi da kunnensu a cikin minti biyar. Akwai cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. Zama kaɗan tsakanin makaɗi, da malamin kimiyya, da masu situdiyo uku ko huɗu daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, zai iya fitar da kundi guda na sautuka 32 masu sunayen gida, a raba shi ta waya. Wannan bai kai kuɗin hayar rumfa da kujerun taro ɗaya ba. Gidajen rediyon jihar kuma, da masu ba da aikin waƙa, suna da nasu ƙarfin: su fara tambayar mai haɗa kiɗa daga ina sautinsa ya fito.

Lokaci ne kaɗai ba ya jira. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma a kowane ƙauye akwai makaɗan da ba a san sunansu a rediyo ba da ke tafiya da taken da ba a naɗa ba. Manhajar za ta kasance a cikin kwamfuta nan da shekara 20. Mutumin da zai saurara ya ce an dace ko ba a dace ba, shi ne ba a da tabbacin samu.